Yadda Za Ka Sa Mutanen Gari Su Yi Maka Binciken Digiri

Kai ma'aikacin gwamnati ne. Ka gaji da ganin yaran da ka koya wa aiki suna tsallake ka a ƙarin girma, don haka ka koma jami'a neman digiri na biyu. Ka ci jarrabawa da ƙyar, saura kundin bincike, shi kuma ba ya rubutuwa sai ka fita cikin ranar Maiduguri ta watan Afrilu. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni na ba ka tabbacin digiri zai zo, sunanka kuma zai zagaya daga Maisandari har Old Maiduguri. Ba labari aka ba ni ba. Sunana Caleb, teburina yana kallon na Babakura a wani ofishin kula da muhalli, a gabana ya gwada wannan hanya tun daga farko.

Mataki na 1: Karɓi batun da aka ba ka, ka yi godiya

Kada ka yi gardama da mai duba aikinka. Ka ce to, ka fita, ka yi ƙorafinka ga direban Keke Napep, shi ba ya sa hannu a kundin kowa.

Mai duba aikin Babakura ita ce Dakta Phebe, mace mai fara'a wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, shi ya sa ɗalibai suka fi tsoronta. Ta ce masa, "Malam Babakura, darbejiyar garin nan tana ƙarewa. A sare a yi gawayi, a sare a gina shago. Ina so ka bi wasu tituna ka gano tsofaffin da suka rage, ka auna su, ka ji su wa ke cin amfaninsu."

Ya ce, "Da ƙafa, Dakta?"

Ta ce, "In itatuwan za su zo ofishinku, ni ba ni da ja."

Babakura mutum ne mai jiki, mai son farar shadda da hular zanna da turare. A ofis shi ya fara gano inda iskar fanka ta fi sauka, ya kai kujerarsa can. Ga shi lokacin karatunsa ya kusa ƙarewa. In bai miƙa kundi a wannan zango ba za a rufe rajistarsa, ƙarin girman da yake wa matarsa alkawari kuma ya bi ruwa.

Mataki na 2: Raɗa wa lalacinka suna mai kyau

Kada ka taɓa cewa ba ka son fita rana. Ka ce kana son bai wa al'umma dama su shiga bincike. Ka ce aikin gayya ne na zamani: da ana tara mutane a gona da fartanya, yanzu a waya ake tara su. Ka faɗe shi a nutse, kamar ka kwana kana tunanin talakawa.

Haka Babakura ya je ya faɗa wa Dakta Phebe. Ta cire tabarau, ta dube shi, ta yi murmushi ta ce, "Ra'ayi mai kyau. Gwada mu gani."

Ya dawo ofis yana rangaji. Na tambaye shi ko murmushin nan bai dame shi ba. Ya ce, "Caleb, kai dai ba ka san ilimin zamani ba."

Mataki na 3: Kada ka roƙi taimako, tayar da gardama

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. In ka rubuta "don Allah ku taimaka mini da hotuna", za a yi maka addu'a a wuce. Mutum yana iya ƙin taimakonka, amma ba zai iya jin an fifita wata unguwa a kan tasa ya yi shiru ba.

Babakura ya buɗe guruf a Wasaf, ya zuba duk lambobin da ke wayarsa, har da ta mai gyaran janaretonsa. Ya rubuta layi biyu: "An ce darbejiyar da ta fi kowace tsufa a Maiduguri tana Wulari. Mai ja ya turo hoto."

Kafin azahar wayar ta yi zafi. Mutanen Old Maiduguri suka ce ta yaya bishiyar Wulari za ta girmi ta unguwar da gari ya ci sunanta? Dattawan wata majalisa suka riƙe hannun juna suka zagaye tasu, aka ɗauke su hoto don a ga kaurinta. Mutanen Maisandari suka ce su ba su shiga gardamar tsufa, amma a zo a ga faɗin inuwa. Saƙonnin murya suka riƙa shigowa da Kanuri, da Shuwa, da Bura, da Hausar kowa da irin tasa. Wannan ya ce kakansa ne ya dasa, wancan ya ce a ƙarƙashinta aka ɗaura auren iyayensa. Wani ya turo mangwaro. Wata ta turo tallan turaren wuta da humra, ta ce ai da itace ake yi.

Babakura yana ƙarƙashin fanka, da gorar zoɓo mai sanyi, yana kwafe wa a kwamfuta. Ban taɓa ganin mutum ya yi bincike da takalmi a cire ba sai ranar.

Mataki na 4: Kai wa malamarka, ka shirya karɓar yabo

Za ta yaba. Saurari abin da zai biyo bayan yabon.

Dakta Phebe ta daɗe tana duba hotunan. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Amma dubi wannan bishiyar. An turo ta daga Gwange, an turo ta daga Bulumkutu, an kuma turo ta daga Gamboru, da akuya ɗaya a gindinta. Wannan kuma, dutsen da ke bayanta ƙanƙara ce a kansa. A wace unguwa yake?"

Babakura ya ce zai bincika.

Ta ce, "Yauwa. Duk wadda aka turo, ka je ka gan ta da idonka, ka auna ta da hannunka, ka gaisa da wanda ya turo. Da tituna kaɗan na nufa. Tunda ka gayyato gari duka, sai ka bi gari duka."

Kada ka kira wannan faɗuwa. A harshen masana, sunansa faɗaɗa fagen bincike.

Washegari ya sayi lema da igiyar awo, ya fara da itatuwan da ke kusa da masu shayi. Duk inda ya sauka sai ya ji "Lale, lale! Wushe!" a shimfiɗa masa tabarma. Ba a barinsa ya auna sai ya sha shayi, ba a barinsa ya tafi sai ya ji tarihin bishiyar tun tana cikin gwangwani. Farar shadda ta koma ruwan ƙasa. Amma na lura ya daina dawowa ofis da ƙorafi, ya koma dawowa da labari. Ya ce akwai wadda teloli ke ɗinki a ƙarƙashinta, akwai wadda mata ke jiran awon asibiti a inuwarta, akwai wadda in an sare ta kasuwar unguwa ce gaba ɗaya za ta watse.

Mataki na 5: In an ɗauke ka babban jami'i, kada ka musa

Kada ka yi ƙarya. Ka dai rataya katin aikinka a wuya, ka bar mutane su yi tunaninsu.

Ba a jima ba aka raɗa masa suna Ofisan Bishiya. Masu Keke suka daina karɓar kuɗinsa. Mai banda a hanyar Baga ya ƙulle masa kifi. Babakura bai taɓa cewa yana da iko a kan ko reshe ɗaya ba, bai kuma taɓa cewa ba shi da shi ba. Aikinsa na gaskiya a ofishinmu shi ne rubuta rahoton taro.

Ana cikin haka, ranar wata Juma'a, saƙon murya ya shigo guruf daga Mama Rebeka. Dattijuwa ce mai tuyar ƙosai a ƙarƙashin babbar darbejiyar Wulari, wadda da ita aka fara gardamar. A wajenta muke sayen ƙosai in an tashi daga coci, a wajenta masu fitowa daga sallar asuba suke saya. Da kaskon nan ta yi wa 'ya'yanta makaranta bayan rasuwar mijinta.

Ta ce, "Ofisa, ɗana, ina gaisuwa. Wanda ya sayi filin bayana zai gina shaguna. Ya ce gobe da safe mai zarton inji zai zo. Ni ban san ofishin kowa ba, kai na sani. In an sare ta ban san inda zan kai kaskona ba."

Nan take guruf ya ɗauka. Kowa sunan Babakura yake kira.

Mataki na 6: Kashe wayarka

Wannan mataki yana aiki sosai, in ba ka da mata.

Babakura ya kashe waya, ya ce mini kansa na ciwo, ya tafi gida da wuri. Matarsa Kaltum ta dawo daga gidan suna, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Abban Jannat, yau a gidan suna an tashe ni daga tabarma an ba ni kujera. An ce ni ce matar Ofisan Bishiya, wanda zai hana a sare darbejiyar Mama Rebeka. Har nama aka ƙara mini."

Ya ce, "Kaltum, ni fa ba ni da ikon hana kowa komai. Ɗalibi ne ni."

"Da kake cin kifin mutane ka faɗa musu haka?"

Ya juya ya fuskanci bango.

Ta ce, "Na riga na ci naman. Gobe in ka ƙi zuwa, ni zan rataya katin naka in je."

Shi ya ba ni wannan labari da bakinsa, lokacin da ya kira ni da sassafe ya ce in raka shi. Na ce me zan yi a can? Ya ce in an kore shi, ya samu wanda za su taho tare.

Mataki na 7: Tsaya gaban mai zarto, ka faɗi gaskiya tunda dabara ta ƙare

Mun sauka daga Keke mun tarar mai zarto yana zuba wa injinsa mai. Mama Rebeka tana tuya kamar kullum, sai dai ba ta kallon kowa. Mai filin, Alhaji Ya'akubu, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini, dogo, mai magana a taƙaice. Yana tsaye da magininsa.

Babakura ya yi sallama, ya gaishe shi da Kanuri, ya ce, "Nda watu, Alhaji."

Alhaji ya ce, "Kəlewa. Kai ne jami'in? Ina takardar da ta hana ni?"

Na ga gumi ya tsattsafo wa Babakura a ƙarƙashin hula. Ya kama katin wuyansa, ya sake shi. Ya ce, "Alhaji, babu takarda. Ni ɗalibi ne, awo nake yi. Ba ni da ikon hana ka. Roƙo na zo yi."

Mama Rebeka ta ɗago ta dube shi. Ban san abin da ta ji a ranta ba, amma ta ci gaba da juya ƙosanta.

Alhaji ya ɗan sassauta. Ya ce, "To tunda ka faɗi gaskiya, ni ma ga tawa. Ba ƙin bishiya nake ba. Saiwarta za ta fasa mini harsashin gini, reshe ya faɗo a kan kwano da damina. Wa zai biya?"

Gaskiya ya faɗa, Babakura ma ya san haka. Ya durƙusa da shaddarsa ya auna daga gindin bishiyar zuwa inda aka ja layin gini. Ya ce in an ja da bangon baya kaɗan, aka rage rassan da ke gefen filin, za su zauna lafiya. Maginin ya ce zai yiwu, amma shago ɗaya zai tsuke, kuma sai an sake tona.

Suna wannan magana mutanen guruf suka fara sauka daga Keke. Telolin nan, dattawan Old Maiduguri da suka yi ta musun tsufanta, matan coci, 'yan majalisar masallaci, har mai turaren wuta. Ba wanda ya yi hayaniya. Kowa ya zo ya ga bishiyar da ake magana, rana kuma ta fara zafi, sai kowa ya shige inuwa. Alhaji ya jima yana bayani a rana shi kaɗai. Can ya matso, yana magana yana matsowa, har ya tsaya kusa da kaskon. Mama Rebeka ta zuba ƙosai a takarda ta miƙa masa. Ya karɓa, don ba a san yadda ake ƙin ƙosai mai zafi a gaban jama'a ba.

Mataki na 8: Kira karo-karo

In magana ta tsaya a kan wa zai biya, juya ka dubi jama'a. Don wannan ranar ka tara su.

Babakura ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, Alhaji zai yi asara in ya ja da gini. Mu da muke son inuwa, mu ɗauke masa."

Wani ya ce zai kawo bulo. Wani mai tifa ya ce yashi nasa ne. Matasan coci da na masallaci suka ce tonon harsashi a bar musu. Wani dattijo ya cire hularsa ya fara zagayawa da ita, ana jefawa.

Alhaji Ya'akubu ya tsaya da ƙosai a hannu yana kallon hular nan tana yawo. Fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Tsaya, tsaya. Wa ake tara wa?"

Aka ce, "Kai, Alhaji."

"Ni? Ni Ya'akubu za a yi wa karo-karon bulo? Ni da nake sayar da bulo? Gobe a ce a Kasuwar Monde mutanen Wulari ne suka gina mini shago?" Ya juya wajen magini. "Ja da bangon baya. Da kuɗina. Kai kuma mai zarto, rage rassan can, kada ka taɓa gindin."

Aka ɗauki kabbara, matan coci suka rangaɗa guɗa. Mama Rebeka ta zauna a kan kujerarta ta rufe fuska da gefen zani. Da ta buɗe, Babakura ta kira. Ta ce, "Ɗana, ashe ba ofisa ba ne kai."

Ya ce, "A'a, Mama. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ofisa da takarda zai aiko. Zauna ka ci."

Sai aka rasa yadda za a yi da abin da ke cikin hula, don ba wanda ya yarda ya karɓi nasa. Bulama, wato mai unguwa, ya yanke cewa a sayi dashen darbejiya da shi, a raba wa duk unguwar da ta turo hoto, bulon da aka yi alkawari kuma a kewaye su da shi. Aka tambayi wa zai kula da rabon. Ba sai na faɗa maka wanda kowa ya kalla ba.

Mataki na 9: Ranar kare kundi, hana su shiga zauren

Ka sanar a guruf cewa taron na malamai ne kawai. Za su ce to. Za su zo.

Ranar da Babakura zai kare kundinsa, harabar sashen ta cika. Mama Rebeka ta zo da roba cike da ƙosai, Kaltum ta zo da lafaya sabuwa, Alhaji Ya'akubu ya aiko da katan ɗin lemo da saƙon cewa shi ba ya cikin guruf, kada a sa shi. Masu gadi suka tsayar da kowa a waje, sai suka jeru a jikin taga.

Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya juya kundin, ya dubi tagar, ya ce, "Malam, gaya mini tsakani da Allah. Wa ya yi binciken nan?"

Babakura ya ce, "Ranka ya daɗe, su suka nuna mini, ni na je na auna. Wadda ke cikin kundin nan duk na taɓa ta da hannuna. Tambaye ni kowace."

Malamin ya buɗe tsakiya ya zaɓi ɗaya a Maisandari. Babakura ya faɗi kaurinta, ya faɗi ciwon da ke cin reshenta na gabas, ya faɗi sunan mai facin da ke aiki a ƙarƙashinta. Malamin ya zaɓi wata, ita ma haka. Dakta Phebe tana ta rubutu a takardarta. Da aka ce ya ci, da 'yan gyare-gyare, tun kafin ya fito labari ya fita ta taga. Sai da shugaban sashe ya leƙo ya roƙi a rage guɗa, ana jarrabawa a aji na gaba.

Ƙarin girman ya zo bayan damina.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka in ka bi matakan nan. Ba ruwansa da shaddar da ta ƙone, ko cikin da ya ɓaci da shayin majalisa, ko matar da ta saba da kujera a gidan suna. Ba ya karɓar ƙorafi a ofis, a coci, ko a wajen ƙosai.

Musamman ba ruwansa in unguwanni suka ga dama suka raɗa wa kowane dashe sunanka, kamar yadda aka yi wa abokina. Jiya muna tsakiyar taro da darakta wayar Babakura ta yi ƙara, ya danna ta a kan kuskure, muryar wani dattijo ta cika ɗakin: "Salamu alaikum, a gaya wa Ofisa ya zo maza. Akuya ta cinye Babakura na bakin masallaci, saura kara."

Darakta ya ajiye biro, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba shi izinin fita.